Kwalbar Gwaggo Talatu

Ban taɓa mantawa da Larabar da aka fara tura ni cikin gidan mutane da kwalba a jaka ba. Malamarmu ta ƙungiyar kiwon lafiya ta ce duk wadda ta yi aikin hutu ta tashi ta ba 'yan baya labari. Ni tsayuwa gaban mutane ba ta yi mini daɗi, muryata maƙalewa take yi, shi ya sa na roƙi a bar ni in rubuta. Na sauya sunayen mutanen, kuma sai da masu labarin suka amince kafin na ɗauki biro.

A dogon hutun da na gama aji biyu na babbar sakandare, na yi aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a nan Gaya. Shago biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu. Mai wurin, Malam Auwalu, masanin gwajin jini ne, amma duk gari Likita ake ce masa. Ya gyara wa mutane har ya gaji ya bari. Ma'aikaciyarsa mai kula da mata ta tafi hutun haihuwa, shi ne ya nemi yarinya daga makarantarmu. Ba a bari in taɓa allura. Aikina shi ne in rubuta suna da lamba a jikin kwalba, in shigar da su rajista, in kuma tsaya da mata idan sun zo. Doka ta farko da ya koya mini ita ce, daga lokacin da aka buɗe kwalba har a rufe ta a sa mata lamba, ba a ɗauke ido daga kanta. Ko sallama aka yi, sai dai a amsa ido na kan kwalba.

Yawancin masu zuwa, zazzaɓin sauro ne ko taifot ko gwajin jini kafin aure. A satina na biyu sai ga wani saurayi, Ɗahiru, ma'aikaci a Kano, ya shigo da mahaifinsa da wasu ƙananan kwalaye biyu. Mahaifin shi ne Malam Isyaku, hedimastan firamare a Kademi, dogo, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu.

Abin da ke cikin kwalayen kayan gwajin ƙwayoyin halitta ne, wanda ake ce wa DNA. Ba a wurinmu ake yin gwajin ba, a ƙasar waje ne. Namu shi ne mu tabbatar an ɗibi yawu daidai, an rufe, an aika. Mutum zai tofa a 'yar kwalba har ya kai wani layi, a juye wani ruwa da ke cikin murfin don kada yawun ya lalace, a girgiza, a liƙe. Bayan kamar wata biyu sakamako ya zo ta kwamfuta. Abu biyu yake nunawa. Na farko, yankunan duniya da kakannin mutum suka fito. Na biyu, idan mutum biyu 'yan gida ɗaya suka yi, yana faɗin irin dangantakar da ke tsakaninsu.

Malam Isyaku na farkon yake so. Ya ce iyayensa sun zo Kademi daga arewa a wata shekarar yunwa, yana goye. Har suka koma ga Allah ba su taɓa faɗa masa sunan garinsu ba.

"Duk ranar da na tambayi Baffa sai ya ce, nan ne garinku. Yanzu kuma jikoki sun fara tambayata, Likita. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane tarihi, nawa ban sani ba."

Wadda ta rage masa daga gidansu ita ce yayarsa, Talatu, a Ajingi, ita ma in ya tambaye ta sai ta kawar da zancen. An shawarci Ɗahiru cewa manyan gida ya fi kyau a gwada, shi ya sa ya sayo biyu, ɗaya na mahaifinsa, ɗaya na gwaggonsa.

Ranar muka ɗibi na Malam Isyaku. Sai da aka jira, domin ya shigo da goro a baki, kuma dole a yi rabin sa'a ba ci ba sha ba tauna.

"Rabin sa'a ba goro?" in ji shi. "Likita, ai ko azumi ana sanar da mutum tun jiya."

Malam Auwalu ya ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe. In ka tofa a haka, cewa za su yi asalinka itacen goro ne."

Ranar Laraba muka tafi Ajingi a motar da Ɗahiru ya aro. Damina ta yi kyau, gero ya rufe gefen hanya. Da muka isa, Malam Auwalu ya zauna a zaure, tunda shi baƙon namiji ne. Ya miƙo mini jakar ya ce, "Sa'adatu, ido." Na ce to.

Gwaggo Talatu 'yar ƙaramar tsohuwa ce, fara, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta a kan buzu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure. Zainabu, 'yar Malam Isyaku, ita take riƙo. Ni tunda ba na iya hira, kallo nake yi, kuma ga abin da na gani.

Malam Isyaku ya tsuguna ya ce, "Yaya, ina wuni?" Ta kawar da kai wajen bango ta ce, "Lafiya. Ya mutanen gida?" Daga nan ba ta ƙara ce masa komai ba. Amma da Ɗahiru ya shigo sai fuskarta ta buɗe.

"A'a, ga maigida! Wata uku ba ka leƙo ba, ka zo mini hannu na dukan cinya. Ko sabulu babu?"

"Gwaggo, ai na yi sabuwa a Kano. Ke kin tsufa."

"Je ka kawo ta in ga ko ta iya tuƙa tuwo. Ja'iri kawai."

Duk aka yi dariya, har da ni a cikin mayafi. Sai dai abin ya ɗan tsaya mini a rai, domin ni gwaggona, ko dariya na cika yi a gabanta sai ta harare ni.

Zainabu ta fito da dambun zogale a kwano, da zafinsa. Gwaggo ta ce, "Kai wa baƙin." Malam Isyaku ya ɗauka ya nufi zaure yana cewa Yaya ba ta taɓa manta abin da yake so ba. Ta bi ƙafarsa da kallo har ya fita, sannan ta ce wa Zainabu, "Ki ce wa mutumin Kademi ya rage hawa mashin da ƙafar nan." Tun da muka shigo ba ta kama sunansa ba. Wancan, ko mutumin Kademi, ko ubanki.

Muka shiga ɗaki, ni da ita da Zainabu. Na sa safar hannu na buɗe kwalbar. Ta karɓa tana juya ta a haske.

"'Yar nan, shi wannan abin me yake gani?"

Na ce, "Garin da kakanni suka fito, Gwaggo."

"Shi ke nan?"

Ga kuskurena, kuma ina so ku riƙe shi. Na san akwai na biyu. Amma bayanin yana da tsawo, tana kallona, ni kuma na matsu in daina magana. Sai na ce, "Shi ke nan."

Bakin tsoho ba ya tara yawu da sauri. Muka daɗe. Na ce ta murza kumatunta, na ce ta tuna da tsamiya. Zainabu ta gaji ta ce da ƙarfi, "Don Allah kawo in tofa mata, ai duk jini ɗaya ne!" Ɗahiru da ke tsakar gida ya fashe da dariya. Na girgiza kai na ce ba a yi. A ƙarshe yawun ya kai layi. Na rufe, na girgiza, na duba lamba sau biyu, na sa a jaka. A mota Ɗahiru ya maimaita maganar Zainabu, kowa ya yi dariya, aka wuce wurin.

Hutu ya ƙare, muka koma makaranta. Malam Auwalu ya ce in riƙa zuwa ranar Asabar. Wata Asabar, an fara cirar gyaɗa, na shigo na tarar da shi gaban kwamfuta bai ko cire hula ba. Ɗahiru ya bayar da adireshin wurinmu ne don Malam Auwalu ya fara karantawa, sannan ya yi musu bayani da Hausa.

"Sa'adatu, zo ki ga."

Ya nuna mini. A wajen asali, su biyun duk yankin arewa da mu ya nuna, wani faffadan wuri a taswira, babu sunan gari. A wajen dangantaka kuwa, ba a rubuta wa da ƙanwa ko ya da ƙane ba. An rubuta mahaifi da abin da ya haifa. Ya yi mini bayani cewa 'yan uwa ciki ɗaya suna kama da juna a wasu wurare su saɓa a wasu, amma tsakanin mahaifi da ɗa kamar tana bin layi ne tun daga farko har ƙarshe, ba ta yankewa. Injin gwajin ba ya rikita su. Abin da ba ya faɗa kai tsaye shi ne wane ne ya haifi wane.

"Mace ce ta tofa a kwalbar nan," in ji shi. "Kuma ita da Malam Isyaku, ɗaya ya haifi ɗaya. Wace mace ce a ɗakin nan ranar wadda ya haifa?"

Na ce, "Zainabu."

"Dube ni. Kin saki kwalbar?"

"Ban sake ta ba, Malam."

"Ko kunya ce ta hana ki hana ta? Na san halinki. In haka ne faɗa mini, ba duka zan yi ba."

Na ce Gwaggo ce ta tofa. Amma a hankali na faɗa, kaina a ƙasa, kamar mai laifi. Ni ko gaskiya nake faɗa haka muryata take fita.

Sai ya ce zai kira Ɗahiru ya gaya masa an yi kuskure a hannunmu. Ya ce ba ya fushi da ni, amma ba zai iya ƙara barina kusa da kwalba ba, kuma dole ya sanar da Malama dalili. Wannan ne aikin da nake so in karanta in na gama makaranta. Na ji kamar an zare mini tabarma ina zaune.

A hanyar gida ne abubuwan suka fara haɗuwa a kaina. Fuskar da ta juya wajen bango. Mutumin Kademi. Ummata har yau ba ta kama sunan babban yayanmu, don shi ne ɗanta na fari. In tana son ya ci abinci, ni take ce wa in gaya wa wancan. Da na isa gida na same ta tana tankaɗe, na ce, "Umma, gwaggo tana wasan miji da ɗan ƙanenta?"

"Wace irin gwaggo ce wannan? Wasa ai na kaka ne. Me ya kawo tambayar?"

Na ce ba komai.

Washegari na koma wurin Malam Auwalu, ko da yake ba ranar aikina ba ce. Ban gaya masa zatona ba, don ba maganata ba ce, kuma in na yi kuskure na ɓata tsohuwa a banza. Na dai roƙe shi kada ya kira Ɗahiru sai na ga Gwaggo ni kaɗai. Ina jin wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa. Ya amince, ya ce in je in nemi izinin Umma, mu shiga motar Ajingi bayan azahar.

Da muka isa ya sake zama a zaure. Na tarar da Gwaggo tana tsinke gyaɗa daga karanta, tulinta a gabanta. Ta gane ni.

"'Yar kwalba ce? Zauna. Garin namu ya fito?"

Na dubi Zainabu. Gwaggo ta dubi inda na duba. Ta ce wa Zainabu ta kai wa Likita ruwa, daga nan ta wuce maƙwabta ta karɓo mata rariyarta, kuma kada ta yi sauri.

Na jawo kara ɗaya na fara tsinka, don hannuna ya sami abin yi. Na ce na zo ba ta haƙuri ne. Na ce ranar da ta tambaye ni abin da gwajin yake gani, rabi na faɗa mata. Sannan na faɗi ɗaya rabin. Hannunta bai tsaya ba.

"To me ya ce?"

Na kauce wa tambayar. Na ce, "Likita yana zaton Zainabu ce ta tofa."

"In Zainabu ce fa?"

"Sai a ce ni na yi sakaci. A cire ni daga aikin, magana ta mutu."

"In kuma ni ce?"

Kaji suna ta tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarta, ba ta kore su ba. Ban san inda na samo ƙarfin ba, na ce, "Gwaggo, in kin ce Zainabu ce, ba zan musa ba."

A nan ta ajiye karan. Ta dube ni sosai, ta yi wata 'yar dariya.

"Ji mini 'yar nan. Ke da ko zanenki ba ki gama iya ɗaurawa ba, za ki ɗaukar mini kaya?"

Ta goge hannu a gefen zane, ta ba ni labarin a taƙaice, idonta a kan gyaɗa. Ta yi aure a garinsu, can arewa. Ruwa ya ƙi, dabbobi suka ƙare. Mijinta ya tafi neman abin da za a ci, ciwo ya kama shi a hanya, sai labari aka kawo. Tana da jariri ɗan wata huɗu. Iyayenta suka taso da ita da yaron suka yo kudu, har Allah ya zaunar da su a Kademi. A hanya ta rame har ba ta iya goyo, mahaifiyarta ce ta shigo gari da shi a baya. Mutanen Kademi suka ga tsohuwa da goyo, suka ga budurwa tana kawar da kai, suka ce wannan shi ne autan gida. Mahaifinta ya ce a bar shi a haka, kada yaro ya tashi baƙo kuma maraya.

"Ni kuwa ko ba a ce a bari ba, da wane baki zan ce nawa ne? Ɗan fari ne. Na ce in ya girma Inna za ta gaya masa. Inna ta ce Baffa. Baffa ya ce sai ya yi aure. Suka tafi ɗaya bayan ɗaya suka bar mini."

Ta ce duk sallar da ta yi sai abin ya zo mata, cewa ana kiran mutum da sunan uban da ba nasa ba, kuma ita kaɗai ta rage a duniya da ta sani.

"Na ga kwalbar nan gabana ya faɗi, shi ya sa na tambaye ki. Da kin faɗa mini duka, wataƙila da na ƙi. Wataƙila kuma da na tofa, in huta. Allah ne ya sani. Je ki kira mini Likitan naku. Ce masa tsohuwa ce, ya shigo."

Malam Auwalu ya shigo ya tsuguna nesa kaɗan. Ta ce, "Yawun nan nawa ne, ka daina zargin 'yar mutane. Idonta bai bar kwalbar ba, har ya ishe ni." Ta roƙe shi abu ɗaya, kada ya nuna wa kowa takarda sai ta yi magana. Ta ce mutum bai kamata ya ji uwarsa daga inji ba. A aiko mata da Malam Isyaku da ɗansa ranar Asabar. Ta nuna ni da baki ta ce, "Har da wannan. Ita ta tono."

A motar dawowa Malam Auwalu ya ce, "Sa'adatu, na zarge ki. Ki yafe ni." Ban taɓa jin babba ya ce mini haka ba. Na ce ni ma da laifina, na gaya masa rabin amsar da na ba ta. Ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya koya mini.

Ranar Asabar Malam Isyaku ya zo da farar riga da littafi da biro, ya zo rubuta sunan gari. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin Gwaggo. Shi da Ɗahiru suka zauna, Zainabu a gefe, ni a bakin ƙofa. Malam Auwalu ya ce zai jira a zaure da takardar har a neme shi.

Gwaggo ba ta dubi Malam Isyaku ba. Ɗahiru ta fuskanta.

"Maigida, matso. Zan ba ka saƙo ka kai wa ubanka."

"Gwaggo, ga shi nan a zaune ai."

"Na gan shi. Kai dai ka kai."

Ɗahiru ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya bari. Ta fara daga shekarar da ruwa ya ƙi. Duk jimla sai ta ce, gaya masa. Gaya masa an yi mini aure kafin na Ajingi. Gaya masa mutumin kirki ne, dogo, ba ya faɗa. Gaya masa bai ga yaron ya zauna ba. Malam Isyaku ya fara rubutu, sai biron ya tsaya. Da ta zo kan shigowa Kademi da goyon da ke bayan Inna, ya rufe littafin.

"Gaya masa," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa, "ni na haife shi."

Ɗahiru ya buɗe baki ya kasa kai saƙon. Zainabu ta rufe fuska da mayafi. Malam Isyaku ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana kallon cikinta. A maƙwabta wata tana daka, ina jin kowane bugu.

Ya ce, "Yaya," sai ya tsaya, don kalmar ba ta shiga ba. Ya sake farawa. "Shekara hamsin da wani abu ina tsugunawa a ƙofar uwata ina cewa Yaya. Ba wanda ya ji tausayina ya gaya mini?"

Ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Gaya masa yana da gaskiya." Can kuma ta ƙara, "Amma gaya masa ko ya sani, ba abin da zai samu ya wuce dambu. Ɗan fari ne, ba zan zauna hira da shi ba."

Dariya ta kufce masa tare da hawaye. Ya share da hannun riga.

"Sunan ubana fa?"

"Wannan ba ya fita a bakina." Ta gyara zama. "Amma maigida, ka tambaye shi, ranar da aka haife ka, wa ya aiko tun daga Ajingi cewa ga sunan da za a raɗa?"

Malam Isyaku ya juya a hankali ya dubi ɗansa. Ya ce, "Ɗahiru." Ba kiransa yake yi ba, sunan ubansa yake faɗa. Gwaggo ta sunkuyar da kai kamar amarya.

Sannan ta faɗi sunan garin, wani ƙauye can kusa da iyaka wanda ban taɓa ji ba. Ta faɗi unguwar, da sunan ƙanen mijin nata, ta ce ko ya rasu za a sami 'ya'yansa. Ɗahiru ne ya ɗauki biron ya rubuta.

Malam Isyaku ya ja jiki daga tabarma har ya zo kusa da buzunta. Ya ce akwai shekarar da suka yi gardama a kan iyakar gona, ya ɗaga mata murya a gaban mutane, a matsayin ƙane da yayarsa. Ya ce akwai sallolin da bai zo gaishe ta ba, ya aiko yara. Ya ce ta yafe masa. Ya ɗora hannu a kan ƙafarta. Na zaci za ta janye, ba ta janye ba.

"Maigida," in ji ta, "gaya masa na yafe tun a ranar."

Takardar ba wanda ya neme ta sai da za mu tafi. Malam Isyaku ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu bai buɗe ba. Bayan an gama girbi, shi da Ɗahiru suka je garin, suka sami dangi. An ce wata tsohuwa tana ganin Malam Isyaku ta fashe da kuka kafin ya faɗi ko shi wane ne.

Abin da nake so 'yan baya su ɗauka shi ne wannan. An koya mini in sa ido a kan kwalba, na sa, kuma ya cece ni. Amma ba a koya mini cewa mai tofawa yana da haƙƙin sanin duk abin da kwalbar za ta iya faɗa ba. A garuruwanmu akwai riƙo, akwai kunya, akwai abin da aka rufe don tausayi ba don mugunta ba, kuma gwajin bai san ɗaya daga cikinsu ba. Na Gwaggo ya zo da sauƙi ne don ita ta zaɓi ta yi magana. Da wata ce, da rabin amsata ya rusa gida.

Tun daga nan Malam Auwalu ya sa sabuwar doka. Kafin a buɗe kwali, sai an keɓe da mutum shi kaɗai, ba ɗa ba jika, a faɗa masa abu biyun duka, a tambaye shi ko ya yarda. Shi yake yi wa maza, ni nake yi wa mata. Har yanzu muryata tana rawa, amma ina kai maganar ƙarshe.

Kwanakin baya aka kai ni wurin wata tsohuwa a wani ƙauye da ba zan faɗa ba. Jikokinta sun cika tsakar gida suna murna. Na rufe ƙofa na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "A'a, 'yata."

Ban tambaye ta dalili ba. Na mayar da kwalin cikin jaka a rufe, na fita na gaya wa jikokin cewa Iya ba ta so, kuma ba a yi wa mutum dole. Suka yi ta mita har zaure. Da na waiwaya, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da labule, tana ɗaga mini hannu.